FILIN MALAMI: Ido ke Kallo, Ƙwaƙwalwa ke Gani

  A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani irin talabijin da ya zo da ruruma ya tafi shiru, amma ya bar mana darasi game da idanun 'ya'yanmu.

Masu son ƙwallo za su tuna gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. A gasar nan an ɗauki wasanni 25 cikin 64 da kyamarori na musamman, har da wasan Gana da Jamus, domin a nuna su a talabijin mai zurfi, wanda ake kira 3D. Mutum ya sa tabarau, sai ya ga kamar ƙwallon zai fito daga akwati ya buge shi a goshi. Kamfanoni suka ce wannan ne talabijin na gobe. To, goben ba ta zo ba. Tashar ESPN ta Amurka ta rufe sashenta na 3D a 2013, kuma zuwa 2017 Samsung da LG da Sony duk sun daina ƙera shi. Tsada na cikin dalilai, haka ma ƙarancin shirye-shirye, amma akwai kuma kukan da masu kallo da yawa suka yi: ciwon kai, nauyin ido, jiri da tashin zuciya.

Me ke kawo wannan? Miƙa yatsanka gaban hancinka, ka rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan yana tsalle. Dalili shi ne tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar kimanin santimita 6, saboda haka kowane ido da hoton da yake aikawa. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu su zama ɗaya, kuma daga ɗan bambancin da ke tsakaninsu take gane nisa da kusa. Wani Bature mutumin Ingila, Charles Wheatstone, ya bayyana wannan tun 1838. Abin da talabijin mai zurfi ke yi shi ne ya ba kowane ido nasa hoton dabam, tabarau kuwa ya raba su.

Ga inda matsalar take. In za ka dubi abu na kusa, ido na yin aiki biyu lokaci guda: idanun biyu su karkato ciki su nufi abin, sannan wata 'yar tsoka ta sauya siffar gilashin da ke cikin ido don hoto ya fito sarai. Tun muna jarirai ayyukan nan biyu tare suke tafiya, kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya. A gaban talabijin mai zurfi kuwa sai a raba su. Idanu su karkato don bin ƙwallon da ya yi kamar yana gaban hanci, alhali dole gilashin ido ya tsaya a kan fuskar akwatin da ke can jikin bango. Martin Banks da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna a 2008 cewa wannan saɓani shi kansa yana jawo gajiya da ciwon kai. Masu bincike da suka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa su ma sun ga alamun gajiya bayan doguwar kallo. Tashin zuciyar kuma iri ɗaya ne da na mai karatu cikin torotoro a hawan Aburi: ido na faɗin abu ɗaya, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne na faɗin wani, ƙwaƙwalwa ta rasa wa za ta gaskata.

Kada mu tsorata fiye da kima. Gajiyar tana wucewa in an huta, kuma ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta ce babu hujjar cewa kallon 3D na lalata ido. Duk da haka an yi taka-tsantsan da ƙananan yara. Kamfanin Nintendo ya yi gargaɗi kada yaro ɗan shekara 6 ko ƙasa ya yi wasa da zurfin na'urarsa ta 3DS, hukumar kare lafiya ta Faransa kuma a 2014 ta ba da shawarar kada a nuna wa 'yan ƙasa da shekara 6, 'yan ƙasa da 13 kuma su taƙaita. Masu farfaɗiya su ma an gargaɗe su, domin hasken da ke walƙiya da sauri na iya tayar wa wasunsu da ciwo, kamar yadda ya faru a Japan a Disamban 1997, inda aka kai yara fiye da 600 asibiti bayan kallon wani zanen Pokémon.

Wani zai ce, Malam, mu da ba mu taɓa mallakar irin wannan akwati ba, ina ruwanmu? Ruwanmu biyu ne. Na farko, dabarar ba ta mutu ba, ta koma gidajen sinima da kuma tabarau ɗin nan da ake ɗaura wa fuska a yi wasa, wasu ma waya ake sakawa ciki. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, akwai yaran da ko an sa musu tabarau ba sa ganin zurfin sam, ko kuma kansu ya yi ciwo nan take. Sau da yawa wannan alama ce cewa idanun biyu ba sa aiki tare. Ido ɗaya na iya zama mai rauni, ko yaro ya zama harara-garke, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da hoton idon nan ta riƙe na ɗaya. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun rufe wa 'yan kyanwa ido ɗaya a farkon rayuwarsu, da aka buɗe sai ga ido lafiya lau amma ba ya gani, don ƙwaƙwalwa ba ta koyi aiki da shi ba. Haka abin yake ga ɗan Adam. In an gano da wuri, kafin shekara 7 zuwa 8, tabarau da rufe ido mai ƙarfi na wasu sa'o'i a rana kan gyara shi. In an makara, gyaran kan yi wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaro ba zai kawo ƙara ba, domin yana zaton kowa haka yake gani. Mu malamai mukan gan su a aji: mai karkata kai in zai dubi allo, mai tsallake layi in yana karatu, mai murza ido, mai kwafar aikin maƙwabcinsa don bai hango allo ba. Sau nawa ake ce wa irin wannan yaro daƙiƙi, har a yi masa bulala, a boko ko a makarantar allo!

Saboda haka, iyaye, ga aikin gida. Ku tsai da yaro nesa da kalandar bango, ku rufe masa ido ɗaya da tafin hannu ya karanta lambobi, sannan ku sauya. In akwai bambanci, ko ya yi ta ture hannunku a gefe ɗaya, ku kai shi a auna, ko a babban asibitin Mamobi, ko Ridge, ko sashen ido na Korle Bu. Kada a sayi tabarau a bakin titi, kada kuma a ɗiga masa wani abu da likita bai rubuta ba. Ga mai kallon waya ko talabijin, kowane minti 20 ya ɗaga kai ya dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. A bar yara su fita wasa a sarari da rana, domin an tabbatar hakan na rage haɗarin kamuwa da rashin hangen nesa.

Allah ya tsare mana ganinmu da na zuriyarmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.