Akwatin Gado Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Iyayenmu dattawan zango da 'yan'uwanmu samari. Muna roƙo ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana wadda kowa ke yinta a zaure, amma ba wanda ya yarda ya sa ta a takarda. Watau maganar kuɗin fito da ake ɗora wa kayan jikin mutum in danginsa sun aiko masa daga gida.

Ga abin da ya tayar da ita. A watan Safar da ya wuce, ɗaya daga cikinmu, mu malaman makarantar Arabiyya, Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa can Kano. Aka raba gado yadda shari'a ta tsara, rabonsa ya faɗo a kan wani akwatin ƙarfe. Abin da ke ciki shi ne Alƙur'ani rubutun hannun marigayin a cikin gafakarsa, da littattafan fiƙihu da nahawu waɗanda ya cika gefensu da ƙananan rubutu, da manyan riguna biyu da suka sha wanki da bugu, da rawani, da shantalin alwala. Ƙanwarsa ta ɗaure akwatin ta ba masu kai saƙo. Da ya iso ƙasar nan sai aka aiko wa ɗan'uwanmu ya zo ya fanshi kayansa. Muka raka shi. Ma'aikacin ya buɗe akwati, ya ɗaga riga, ya duba aikin wuyan, ya ce wannan ai mai tsada ce. Ya taɓa kwamfuta, ya fito da farashin sabuwar riga, ya yi lissafi. Kuɗin da ya faɗa ya zarce abin da aka biya motar da ta ɗauko akwatin tun daga Kano. Ɗan'uwanmu ya ce kayan mahaifinsa ne da ya rasu. Aka ce masa babu wurin rubuta wannan a takarda. Sau uku muna komawa, kowace rana kuma kuɗin ajiya yana hawa.

To, jama'a, kada wani ya ce malamai sun tashi faɗa da Gwamnati. Mun sani ƙasa ba ta tafiya sai da haraji. Wanda ya cika kwantena da atamfa ko shinkafa ya shigo da ita tashar Tema don ya sayar, lalle ya biya, gama riba yake nema, da hanyoyin ƙasa da kasuwanninta zai same ta. Abin da muka ƙi shi ne a ɗauki maraya da akwatin ubansa a jera shi layi ɗaya da wannan attajiri, a auna su da mudu ɗaya.

Wannan rarrabewa kuwa yaran da muke karantarwa ma sun san ta. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin ya ji cewa dukiya iri biyu ce wajen zakka. Akwai kayan tijara, watau abin da aka saya don a juya shi a ci riba. Akwai kuma kayan ƙinya, watau abin da mutum ya riƙe don amfanin kansa, kamar gidan da yake kwana da dokin da yake hawa. Na farkon ana ƙimanta shi a fitar masa da zakka, na biyun ba a taɓa shi ko da ya kai nawa. Ku duba fa, zakka ke nan, wadda take rukuni ce cikin rukunan addini, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin mutum ba ta shiga ta ƙirga rigunansa ba. Ashe harajin da 'yan Adam suka tsara shi ne zai fi ta ƙarfin hali?

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma akwai labarin takardar da Umaru ɗan Abdul'azizu ya aika wa ma'aikacinsa mai tsaron mashigar Masar. Ya umarce shi ya karɓi dinari 1 cikin 40 daga abin da fataken Musulmi suke juyawa na ciniki, in dukiyar ta kasa dinari 20 ya ƙyale ta, sa'an nan ya rubuta wa wanda ya biya takardar shaida mai aiki har shekara ta kewayo. Mun daɗe muna karanta wannan babi, amma sai a gaban tebur ɗin nan muka gane zurfinsa. Ba a karɓa sai a kan ciniki, ƙaramin abu an yafe shi, wanda ya biya kuma yana da takardar da za ta hana wani ya sake tare shi a gaba. Mai aiko da saƙo daga Kano zuwa Kumasi ta hanyar bakin teku, kayansa za su ƙetare iyaka uku, ta Seme da ta tsakanin Benin da Togo da ta Aflao, ban da shingayen da ke tsakani. Ku tambayi direbobinmu ko takardar wuri ɗaya tana rufe bakin na gaba.

Kakanninmu ma sun biya fito, ba mu musu. Ayarin da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro yana biyan masu jirgi a bakin kogi, yana kai gaisuwa ga sarakunan da ya ratsa ƙasarsu. Amma madugu ne ke zama ya yi ciniki a madadin ayari duka, bisa yawan dabbobi da kayan da suka ɗauko, kowa kuma ya san abin da ya hau kansa. A cikin irin waɗannan ayarori malamai suka zo da littattafansu. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Karachi a 1934, da gafaka ya shigo ƙasar nan, kuma har gobe ana shan abin da ya zo da shi. Da a zamaninmu ya zo, ko nawa kwamfuta za ta yi wa littattafansa kuɗi?

Yanzu bari mu faɗa wa samari yadda lissafin yake, don rashin saninsa shi ne rabin cutar. Ba a kan ƙimar kaya kaɗai ake yanka kuɗin fito ba. Ana haɗa ƙimar da kuɗin dako da na inshora, a kan jimlar ake yankawa. Watau iyakar nisan garinku, iyakar nauyin abin da za ka biya, sai ka ce nisa da dangi laifi ne. Jadawalin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, Gana ta shiga bin sa a 2016, yana da mataki biyar: 0, da 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. A bisa wannan sai harajin VAT ya hau, da na asusun lafiya, da na asusun ilimi. Sa'an nan tsohon abu ba shi da rasidi. Wa ya ajiye rasidin rigar da aka ɗinka tun yana goye? In babu rasidi kuwa, ƙima ta koma hannun mai dubawa. In ka tsaya gardama kuɗin ajiya na tafiya, in wa'adi ya cika ba ka fansa ba a yi gwanjon kayan. Wanda zai sayi rubutun hannun mahaifin wani a gwanjo, me zai yi da shi?

Abin da ya fi ci mana rai shi ne da muka koma muka bincika, sai muka tarar ko a dokokinsu akwatin nan bai cancanci abin da aka ɗora masa ba. Jadawalin da muka ambata na kayan da suka fito daga wajen ECOWAS ne. Ƙungiyar, wadda aka kafa a Ikko, watau Legas, a 1975, ta yarda tun 1979 cewa amfanin gona da aikin hannu na ƙasashenta su ƙetare iyaka ba kuɗin fito. Babbar rigar Kano mai aska takwas, in ba aikin hannu ba ce, mece ce? Littattafai kuma akwai yarjejeniyar Florence ta 1950, ƙarƙashin UNESCO, wadda ta ce kada a ɗora musu kuɗin fito, Gana da Nijeriya duk suna cikinta. To, mai kamfani yana da akawu da lauya da za su buɗe masa waɗannan shafuffuka. Malamin makarantar allo da tsohuwa mai koko wa suke da shi? Ga ofishin yarjejeniyar cinikin bai ɗaya ta Afirka duka a nan Ankara, an fara ciniki ƙarƙashinta a 2021, ana ta taro ana ɗaukar hoto, shantalin alwala kuwa yana tsare a sito.

Akwai kuma gurbin da dokar kanta ta bari. Matafiyi in ya sauka da kayan jikinsa an yafe masa. In ma akwai wasu a baya, akwai takardar da zai cike ranar da ya sauka ya bayyana su. Wannan daidai ne. Amma mu mazauna zango ba tafiya muke ba, muna zaune ne, kayan ne ke tafiya su same mu. Uwa a Sakkwato ta aiko wa 'yarta da aka aurar nan Kumasi tasoshi da zannuwan gado. Wa a Damagaram ya aiko wa ƙanensa kayan sallar yara. Ɗanmu da ke aiki a Jidda ko Hambug ya aiko wa tsohonsa bargo da tabarau. Duk waɗannan ba su da matafiyin da zai tsaya musu, sai su faɗa layin 'yan kasuwa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa abin ya ƙara musu duhu, tun da ƙasarsu ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso.

Turawan da suka ja mana iyakokin nan sun toshe wannan gurbi a gidajensu. A dokar Tarayyar Turai ta 2009, kayan da mazaunin can ya gada daga wata ƙasa suna shiga ba kuɗin fito. Kayan ɗakin amarya da ta koma can saboda aure haka. Kyautar da mutum ya aika wa mutum, in ba ta wuce yuro 45 ba, ita ma haka. Ba mu ce kome na Bature abin koyi ne ba, amma tun da a wurinsa aka koyo kwastan, don me aka ɗauko sandar aka baro sassaucin?

Sai dai, iyayenmu, ku gafarce mu, tilas mu juyo gida. Ma'aikacin da ya ƙi yarda da ɗan'uwanmu, a wurin wa ya koyi rashin yarda? Mun san masu cusa turmin atamfa talatin a ƙarƙashin tsofaffin riguna su rantse kayan gado ne. Mun san mai shigo da wayoyin hannu cikin buhun garin tuwo ya ce saƙon gyatuma ne. Wasunsu a sahun gaba suke salla. Kowace irin wannan rantsuwa, wani maraya ne zai biya ta a gaba. Sa'an nan ga masu tsayawa a bakin ofisoshi suna cewa kawo wani abu in shigar maka. Mutanen ƙasar nan da sunan goro suke kiransu, goron nan da kakanninmu suka taka daga Kano zuwa Salaga dominsa, wanda muke rabawa ranar suna da ɗaurin aure. Kunya ta ishe mu a nan. A ranarmu ta biyu wani irinsu ya matso ya ce in muka ba shi rabin kuɗin akwatin zai fito kafin la'asar. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce mu ba shi mu huta, haka kowa ke yi. Ba mu ba shi ba. Da wane baki za mu koma aji mu karantar da babin cin hanci?

Wasu za su ce mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya ɗaga murya, su tuna mana da 1969 lokacin da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Ba mu manta ba, a gidajenmu aka yi kukan. Amma yawancin masu karanta wannan takarda a nan aka binne cibiyarsu, suna da katin ɗan ƙasa, suna jefa ƙuri'a, 'yan siyasa kuma sun san hanyar zango sarai in zaɓe ya matso. Wanda ma ba ɗan ƙasa ba ne yana biyan haya da haraji kamar kowa. Neman a rubuta doka a fili ba rashin kunya ba ne.

Abin da muke so ƙungiya ta kai gaban Sarkin Zango, shi kuma ya kai gaban wakilanmu na Majalisa, ga shi. A sa wa tsofaffin kayan gado da kayan ɗakin amarya gurbinsu a takardar kwastan, a sake su ba fito in an kawo shaidar rasuwa ko ta aure. A yanka wani adadi wanda kyautar da ba ta kai shi ba za ta wuce, a manna shi a bango da Turanci da Hausa da Tuwi inda kowa zai gani. In ana gardamar ƙima, a tsayar da kuɗin ajiya har a gama. Mu kuma a namu ɓangaren, limamai da masu unguwa su yarda su sa hannu a kan shaidar wanda suka sani, su ƙi sa wa wanda suka san ɗan kasuwa ne, ko da shi ya yi wa masallaci rufi.

Majalisa ba ta jin an ce an ce. Saboda haka duk wanda aka taɓa karɓar masa kuɗi a kan saƙon gida, ya nemo rasidinsa ya kawo wa magatakardan ƙungiya bayan sallar Juma'a, a rubuta abin da ke cikin kayan da abin da ya biya. Wanda aka karɓa ba a ba shi rasidi ba, shi muka fi son gani. Samari masu Turanci su zo da alƙalami, akwai tsofaffi da yawa da za a rubuta wa.

Akwatin ɗan'uwanmu dai ya fito a rana ta goma sha ɗaya, bayan malamai sun yi karo-karo an biya, an karɓi rasidi. Damina ta same shi a sito, ruwa ya shiga ta gindi, ya taɓa riga ɗaya da wajen izu uku na Alƙur'anin. Mun shanya takardun ɗaya ɗaya a ɗakin karatu, wani tsohon almajirin marigayin da ke Tamale kuma ya yi alkawarin zai zo ya sake rubuta inda tawada ta gudu. Rasidin yana hannun magatakarda, shi ne na farko a fayil.