Ƙarfin damtse ba shi ke hana tiyo yoyo ba

In kun tambayi mai gida a Maraɗi ko Tawa yadda yake gane ma'aikacin pompo na ƙwarai, galibi zai ce muku shi ne wanda ke ɗaure noti har jijiyar wuyansa ta tashi. In ma'aikaci ya murɗa da hannu, ya ƙara juyi guda da kile ya ce aiki ya ƙare, sai mai gida ya ɓata rai, ya ce: "Malam, ƙara matsawa mana, kuɗɗina fa na biya." Shi kuma don kar a ce masa raggo sai ya ƙara. Ni a ganina wanga ƙarin, wanda ake yi don a faranta wa mai gida rai, yana cikin abubuwan da ke sa ruwanmu bin ƙasa, kuma tun da daɗewa maƙera a wasu ƙasashe sunka samo maganinsa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa cikin mahaɗa, tunda ido ba ya ganinsa. Haƙoran bakin tiyo na namiji, irin na 15/21 ko 20/27 da ake saidawa a kasuwanninmu, da yawansu ba miƙaƙƙu ba ne. Bakin ya fi siranta, gindin ya fi kauri, kaurin yana ƙaruwa da kashi 1 cikin 16 na tsawon. Ke nan kowane juyi da anka ƙara, namijin yana buɗa macen ne, kamar ƙarfen da mai faskare ke bugawa cikin icce don ya tsaga shi. In macen ta ƙarfe ce tana iya jurewa. In ta roba ce, irin PVC ɗin da ya cika gidajenmu, sai ta yi tsaga siririya kamar gashi. Ranar ba za ta yi yoyo ba. Ma'aikaci ya karɓi kuɗɗinsa, an yi godiya, an rufe rami ko an shafe bango da siminti. Bayan wata biyu ko ukku sai a ga bango ya jiƙe.

Farin zaren nan na Teflon da ake naɗawa yana ƙara dagula lamarin in an cika shi, domin yana da santsi: hannu ba ya jin cewa mahaɗa ta kai iyakarta, sai a yi ta murɗawa. Inda kuma akwai ƴar robar nan da ma'aikata ke kira juwan, kamar wajen kwantar ruwa ko ƙarƙashin robine, matsi mai yawa yana murƙushe ta ne har ta fita daga mazauninta. Sannan ga zafinmu. Tiyon PVC da ya kai zafin digiri 43 rabin ƙarfin ruwan da yake ɗauka a digiri 23 kawai yake iya ɗauka, kuma kowa ya san abin da watan Afrilu da Mayu ke yi wa tiyon da anka bari a rana. Mahaɗar da ta riga ta wahala tun ranar ɗauri ita ce ke fara sallamawa.

Kar wani ya ce ai ɗigo ne kawai. A yini guda akwai sakan 86,400. In mahaɗa na ɗigo sau guda a kowane sakan, kuma ɗigo huɗu sun yi mililita guda, an zubar da sama da lita 21 kafin gobe war haka, wato bido guda da ɗan ƙari. Mutanen Damagaram, waɗanda garinsu ke zaune bisa dutse har sai an jawo musu ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, ba su buƙatar a gaya musu darajar bido guda a lokacin bazara. Kuma ko a zamanin SEEN, ko yanzu da kamfanin ƙasa na NDE ya karɓi aikin tun 2024, duk abin da ya zube bayan kwanta aljihun mai gida ne ke biyansa.

To mene ne maganin da nake magana? Duk mai mota ya san shi ba tare da ya lura ba. Murfin tankin mai na motoci da yawa, in ka murɗa shi ya kai inda ya kamata, sai ya dinga yin ƙas-ƙas yana juyawa a banza. Ko kai ne Shago ba za ka ƙara masa matsi ba. Wagga dabara ce anka kai wa aikin tiyo. A Amurka, tiyon baƙin ƙarfe na ruwan datti ana haɗa shi ne da rigar roba da ɗamarar ƙarfe, kuma ma'aikaci yana ɗaure ɗamarar da wani kile mai awo wanda ke saki da kansa in an kai matsin da anka ƙayyade. Matsin da anka fi amfani da shi bai wuce nauyin kilo 7 da anka rataya a nisan santimita 10 daga noti ba. Da kile mai tsawon santimita 30, nauyin kilo 2 da ɗan abu ke nan, abin da yaro ɗan lakkwal zai iya. Ku kwatanta da ƙaton da ke ɗora ƙafa bisa kile, wani lokaci har ya zura masa guntun tiyo don ya ƙara tsawo.

Wanda ya fi burge ni shi ne noti mai kai biyu. Kamfanin EBAA Iron na jihar Tekzas ya fito a 1984 da wani zoben riƙe manyan tiyo mai suna Megalug, kuma bulon ɗinsa suna da kai na sama wanda anka yi don ya karye. Ma'aikaci na ɗaurewa, in matsi ya kai daidai sai kan ya tsinke ya faɗi ƙasa, a bar kai na biyu wanda za a iya kwancewa da shi in wata rana buƙata ta taso. Wasu kamfanoni, kamar Victaulic, sun bi wata hanya: mahaɗarsu gida biyu ce, ana ɗaurewa har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, daga nan an gama.

Amfanin wanga abu a wajenmu ya wuce kare tiyo daga tsagewa. Ku duba yadda ake karɓar aikin shato da pompunan ƙauye. Ɗan kwangila ya gama, ƴan kwamiti da wakilin magajin gari sun zo, an buɗe ruwa ya zubo, an tafa, an sa hannu. Wa ke iya sanin ko noti ɗari biyu da ke cikin rami an ɗaure su daidai? Ko injiniya ba zai sani da ido ba. Amma da noti mai karyewa, ko maigari da bai taɓa shiga aji ba zai iya bin rami kafin a rufe shi ya duba: wanda kansa ke nan ba a gama ɗaure shi ba, wanda kansa ya faɗi ya samu abin da yake so, ba ƙari ba ragi. A ƙasar da masu sa ido kan aiki ba su da yawa, kuma mota da man zuwa ƙauye kansu matsala ne, kayan aikin da ke ba da shaida da kansa ba abin rainawa ba ne.

Na san abin da ƴan kwangila za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Kayan sun fi tsada, ba a samunsu a shagunan kayan pompo na Maraɗi ko Yamai yadda ake samun na yau da kullum, kuma ranar da kasuwa ta buɗe musu jabu za su biyo baya, masu kan da ke karyewa tun kafin a kai rabin matsi. Haka kuma noti mai karyewa ba ya gyara tiyon da anka aza a karkace, ba ya fidda yashin da anka bari cikin haƙora. Sai dai batun tsada ba ya tsayawa in an yi lissafi na gaskiya. Kuɗɗin noti kaɗan ne cikin kuɗɗin shato da foraj da haƙar rami, alhali kuwa gyaran mahaɗa guda da ta fashe ƙarƙashin ƙasa yana nufin a nemo inda take, a tone, a rufe ruwan ƙauye kwana da kwanaki, mata su koma rijiya. Batun rashinsu a kasuwa kuwa, ɗan kasuwar Maraɗi da ke kawo kaya daga Dubai da Sin ba zai kasa kawo noti ba in ya san akwai mai saye. Mai sayen shi ne gwamnati da ma'aikatun magajin gari da ƙungiyoyin da ke ba da kwangilar ruwa. Su rubuta cikin takardar kwangila cewa manyan mahaɗu za a ɗaure su da noti mai karyewa ko da kile mai awo, kuma ba za a rufe rami ba sai an gani. Cibiyoyin koyon sana'a su ma su sa kile mai awo a hannun yaran da suke horarwa, ko da guda ne ga aji.

A cikin gida kuwa, inda ƙananan mahaɗun roba ba su da irin wanga noti, akwai ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa: a murɗa da yatsu har ya tsaya, sannan a ƙara juyi guda ko biyu da kile, a dakata. Zaren Teflon zagaye biyu ko ukku ya isa. Inda ya zama dole a sa robine na ƙarfe cikin mace ta roba, a nemi mace mai zoben ƙarfe a baki ko mai haƙoran tagulla, ko da ta ɗara ta banza da ƴan daloli. In an buɗe ruwa an ga ɗigo, a kwance a duba juwan da haƙora tukuna kafin a kai hannu ga kile.