Wata Ɗaya a Ƙafa, Wata Goma Sha Ɗaya a Kujera

A shekarar 2024, ofishin karɓar matafiya da ke birnin Santiago de Compostela, a arewa maso yammacin Sifaniya, ya ba kusan mutum rabin miliyan takardar shaidar cewa sun iso birnin, akasarinsu a ƙafa. A tsakiyar shekarun 1980, masu karɓar wannan takarda a shekara ba su kai dubu uku ba. Hanyar da suke bi, wadda ake kira Camino, tsohuwar hanyar ziyara ce ta Kiristoci zuwa inda suka yi imani an binne Yaƙub, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa. Amma da yawa daga cikin masu binta a yau ba ibada ce ta fito da su ba. Likitoci ne da lauyoyi da malaman makaranta da ma'aikatan banki, waɗanda suka tara hutunsu, suka saɓa jakar goyo, suka kama hanya daga ƙauyen Saint-Jean-Pied-de-Port na Faransa, tafiyar kusan kilomita 780 da ke cin sama da wata guda.

Labarin zuwan kowa ya iya ba da shi. Na dawowar ne ake yi da ƙaramar murya. Mutum ya koma gida, an yi masa barka da zuwa, ya nuna hotuna, ya rataye takardarsa a bango. Bayan mako biyu sai wani ƙunci ya lulluɓe shi. Barcin da yake yi kamar jariri a kan hanya ya ƙaurace masa, ofis ya zama kamar kurkuku, hirar abokai ta zama lami. Abin ya zama ruwan dare har matafiyan sun raɗa masa suna a harsunansu. Irin wannan kukan ake ji daga waɗanda suka gama hanyar tsaunukan Appalachia a Amurka, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, wadda ake shafe wata biyar zuwa bakwai ana bi.

Shawarar da ake ba su kusan iri ɗaya ce ko'ina: ka yi haƙuri zai wuce, ka riƙa rubuta abin da kake ji, ka nemi 'yan'uwanka tsofaffin matafiya, ka fara shirin tafiya ta gaba. A ganina wannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Ƙuncin nan ba cuta ba ne da za a nema wa magani. Shaida ce. Jikin mutum ne ya ɗanɗana rayuwar da ta dace da shi na wata guda, ya dawo ya auna wadda yake ciki, ya yanke mata hukunci. Wanda ya ce masa ya rufe bakin wannan shaida da sayen wani tikitin jirgi, cutarsa ya yi.

Me hanyar take bayarwa?

Mu ajiye maganar sirri da sauyin ruhi da ƙasidun talla suke cika mana kunne da ita, mu duba abin da ke faruwa a zahiri. Matafiyi yana tashi da sassafe da aiki ɗaya tak a gabansa: ya taka kilomita ashirin ko ashirin da biyar. Ba ya tsoron ɓata, domin kibiyoyi masu ruwan ɗorawa suna nuna masa hanya a jikin duwatsu da bangaye. Yawancin hanyar ta kauce wa manyan motoci. Akwai famfon ruwa a ƙauyuka. Da yamma akwai masauki mai araha, inda shugaban kamfani da ɗalibi suke kwana a ɗaki ɗaya, su wanke safarsu da hannunsu, su shanya a igiya ɗaya. Duk wanda ya wuce ka zai gaishe ka, kuma ba kasafai ake fara tambayar aikinka ba. Dukiyarka gaba ɗaya tana bayanka, ta ishe ka.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Kibiyoyin nan wani limamin coci ne na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, ya fara shafa su da fenti a shekarun 1980. A 1993 gwamnatin yankin Galisiya ta zuba kuɗi wajen tallata hanyar da samar da masaukai na gwamnati, a shekarar ce kuma UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya. Masaukai da dama masu aikin sa kai ne ke share su, suna dafa wa baƙi abinci. Abin da matafiyi yake kira natsuwa, idan aka warware shi, fenti ne da kasafin kuɗi da ruwan famfo da gumin wasu bayin Allah. Mutane ne suka shirya shi, saboda haka mutane za su iya shirya irinsa a wani wuri.

Wannan ita ce gaskiyar da kasuwar yawon buɗe ido ba ta son a faɗa. Ribarta tana cikin ka yarda cewa kwanciyar hankali wani gari ne mai nisa da ake zuwa a jirgin sama. Tunda sharaɗin samun takardar shaida shi ne taka aƙalla kilomita ɗari zuwa Santiago, sai garin Sarria, wanda ya ɗan haura wannan tazara, ya zama matattarar masu farawa. Kamfanoni suna sayar da mako guda a shirye: otal, abinci, da motar da za ta kai maka jaka masauki na gaba. Ba na ganin laifin dattijo ko mai rauni da ya zaɓi wannan. Laifin yana ga labarin da ake haɗawa da shi, cewa mako guda ya isa ya wanke shekara. Wannan labari yana yi wa kowa daɗi. Mai kamfanin da kake yi wa aiki ya samu ma'aikaci da ya dawo cike kamar wayar da aka yi wa caji, a shirye a sake zuƙe shi. Hukumar garinku ba wanda ya tambaye ta komai. Su kuwa mazauna tsohon garin Santiago an bar su da kokawa kan cunkoso da hayaniya da tsadar haya.

Za a ce mini: hutu fa hutu ne, me ya sa sai an ɗora wa mutum nauyi a kan ɗan sararin da ya samu? Kuma ai akwai waɗanda tafiyar ta sauya su da gaske. Na yarda da duka biyun. Tafiya mabuɗin ilimi ce, ban zo rushe wannan ba. Amma mabuɗin da aka rataye a bango tare da takardar shaida bai buɗe komai ba. Ba a ƙofar babban cocin Santiago ake gane amfanin tafiyar ba, sai ranar Litinin da ta biyo bayan dawowa.

Garin da ake ratsawa ba a gani

Abin mamaki, amsar tana kan hanyar kanta. Masu tasowa daga Fotugal suna ratsa birnin Pontevedra kwana biyu ko uku kafin su isa Santiago. A 1999 mutanen birnin suka zaɓi wani likita, Miguel Anxo Fernández Lores, ya zama magajin gari. Ya hana motoci ratsa tsakiyar tsohon garin, aka kawar da wuraren ajiye mota daga dandali, aka faɗaɗa wurin masu tafiya a ƙafa, daga baya aka ƙayyade gudu a kilomita talatin cikin sa'a. Har taswira suka yi mai kama da ta jirgin ƙasa, tana nuna minti nawa za ka taka daga wannan wuri zuwa wancan. Yara suna zuwa makaranta da ƙafarsu, kuma mutanen garin suka yi ta sake zaɓensa. Dubban matafiya suna kwana a nan, su yaba kyan garin, su ɗauki hoto, su wuce. Nawa ne a cikinsu suke komawa gida su tambayi kansilansu me ya hana a yi haka a unguwarsu?

Tarihin Ingila ma darasi ne. A watan Afrilun 1932, ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikata daga Manchester da kewaye, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, filin da masu ƙasa suka killace domin harbin tsuntsaye. An ɗaure biyar daga cikinsu. Gwagwarmayar da wannan rana ta zama tambarinta ita ce ta kai ga dokar 1949 ta gandayen shaƙatawa da damar shiga karkara, da buɗe hanyar Pennine mai kimanin kilomita 430 a 1965. Waɗannan mutane ba ƙasar waje suka nema ba. Haƙƙin taka ƙasar da suke hange daga ƙofar masana'anta suka nema, a ranar Lahadinsu.

Mu kuma fa?

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar Turawa ce. To, ka tuna abokin aikinka da ya je taro ko karatu a wata ƙasa, ya dawo yana ba da labarin yadda ya yini yana yawo a ƙafa bai gaji ba. Ka tuna alhazan da suke taka kilomitoci kullum tsakanin masauki da Harami, su dawo suna cewa jikinsu ya yi sakayau. Bayan wata guda kowa ya koma ɗaukar mota zuwa shagon da ke bakin layi.

Mu ba baƙin doguwar tafiya ba ne. Fatake sun yi ta taka ƙasa daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ƙarƙashin madugu, suna sauka zango-zango. Sunan zango yana nan har yau a Kumasi da Akara. Kakanninmu sun tafi Makka ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya, wasu zuriyarsu tana Sudan har gobe. Kuma al'adarmu ba ta taɓa raba tafiya da dawowa ba. Ana tambayar matafiyi tsaraba, ana kuma sa ido a ga ko halinsa ya sauya.

Amma yau a biranenmu tafiya a ƙafa ta zama alamar rashi. Idan aka ga babban ma'aikaci a sayyada, tambayar farko ita ce ko motarsa ta lalace. Gwamnoni suna alfahari da gadar sama, ana sare itatuwa domin faɗaɗa titi, ɗan gefen da aka bar wa mai ƙafa kuma ya zama wurin ajiye motoci da kasa kaya, ko buɗaɗɗiyar kwata. Alhali mafi yawan jama'a a ƙafa suke, ba don nishaɗi ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙafa ne. Ita ce kuma ta ce kusan kashi ɗaya cikin uku na manya a duniya ba sa samun motsin jikin da ya kamata, wato aƙalla minti 150 a mako. Talaka yana takawa cikin haɗari, mai hali yana zaune yana jinyar hawan jini da ciwon suga. Titi ɗaya ne ya cuci su biyun.

Zafin rana gaskiya ne, matsalar tsaro ma gaskiya ce, kuma mace mai son takawa tana da ƙarin idon jama'a da za ta jure. Amma maganin zafi inuwa ce, darbejiya kuwa ba ta ƙi ƙasarmu ba. Bogota ta Kolombiya, da duk matsalolinta, tana rufe manyan tituna ga motoci kowace Lahadi, al'adar da ta faro tun 1974. Kigali ta Ruwanda ta fara ware ranar da ba mota a 2016. Ba arziki ne ya kawo wannan ba, shawara suka yanke.

Saboda haka wanda Allah ya hore wa ya biya yuro casa'in na biza da kuɗin jirgi ya je ya taka ƙasar wasu, ya je lafiya. Amma ya sani an ɗora masa bashi. Shi ne injiniyan da ke zana titi, shi ne darakta a hukumar tsara birane, shi ne shugaban da ke kiran taro ƙarfe tara na dare, shi ne mai motar da ke watsa wa ɗan makaranta ruwan kwata da damina. Idan ƙuncin bayan tafiya ya zo masa, kada ya yi gaggawar korar sa. Ya bar motar a gida gobe da safe, ya taka daga ƙofarsa zuwa wurin aiki, ya ƙirga sau nawa ya sauka kan kwalta don ya kauce wa wani abu. Wannan lissafin ya kai shi gaban wanda ke da ikon gyarawa, ko da kuwa ya tarar shi ne zaune a kujerar.