In Rukuninku Ya Fara Rigima

Duk ɗalibin da malamin ba da shawara ya taɓa haɗawa da wasu a rukuni, ko don fargabar jarrabawa ko don rashin wani na kusa, ya san yadda zaman farko yake. Kowa na ɗari-ɗari, ana ta kallon malam, ba mai son fara buɗe baki.

A 1965 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bruce Tuckman, ya duba rubuce-rubucen bincike 50 kan ƙananan rukunai, da yawansu na masu jinyar damuwa, ya ga kusan hanya ɗaya suke bi. Bayan ɗari-ɗari sai rigima. Wannan ya cika surutu, waccan ta ƙi magana, wani ya fara ƙalubalantar malamin kansa. A nan ne wasu ke daina zuwa, wai abin ya lalace. A ganina sun yi gaggawa. Mutum ba ya musu da wanda yake jin nauyi. In kun fara musu, baƙunta ce ta kau. Amma fa gardama daban, cin mutunci ko fitar da sirrin wani waje daban. Wannan kam a sanar da malam nan take.

Rukunin da ya jure yakan kafa ƙa'idojinsa, sannan a shiga taimakon juna sosai. A 1977 Tuckman da Mary Ann Jensen suka ƙara mataki na biyar, wato rabuwa, wanda 'yan ajin ƙarshe za su ɗanɗana da zarar an gama NECO.