Ƙunzugun Yadi: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Gabatarwa

Duk wanda ya zaga unguwannin manyan garuruwanmu bayan an ɗauke ruwan sama, ya kuma leƙa magudanai, ba zai rasa ganin wasu fararen ƙulle-ƙulle sun kumbura suntum, sun tare wa ruwa hanya ba. Wannan shi ne ƙunzugun jarirai na zamani, wanda ake sa wa yaro sau ɗaya a yar, wanda jama'a suka yi wa kuɗin goro da sunan "famfas". A da, in an yi haihuwa a gida, tun daga igiyar shanya baƙo zai gane, domin zai ga fararen nafkin jere suna shan rana. Yau kuwa an wayi gari macen da ke shanya nafkin ana yi mata kallon wadda zamani ya bari a baya.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ƙunzugun yadi, wato wanda ake wankewa a sake amfani da shi, ya fi dacewa da akasarin gidajenmu, muddin an san yadda ake canza shi da yadda ake wanke shi. Zan kawo hujjojina daga ilmin halittu, sannan in bayyana yadda mai son farawa zai fara.

Asalin ƙunzugun yarwa

Ƙunzugun yarwa ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1946 wata mata 'yar Amurka mai suna Marion Donovan ta ɗinka rigar ƙunzugu wadda ruwa ba ya ratsa ta, daga labulen makewayi. A 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers, sunan da bakin Bahaushe ya mayar "famfas". Daga shekarun 1980 ne aka fara cusa wani gari mai suna sodiyam foliakirilet a cikinsa. Wannan gari yana iya shanye ruwa zalla da ya ninka nauyinsa sau ɗaruruwa, ko da yake a fitsari, saboda gishirin da ke ciki, abin da yake sha bai kai haka ba. Shi ne ke komawa kamar kamu in ya jiƙa, shi ne kuma dalilin kumburin da muke gani a magudanai.

Babu shakka wannan fasaha ce babba. Sai dai an ƙirƙiro ta ne a ƙasashen da motar shara ke zuwa ƙofar kowane gida a kan kari. Mu mun karɓi ƙunzugun, motar sharar kuwa ba ta biyo shi ba.

Me ke saɓe fatar jariri?

Babban zargin da ake yi wa nafkin shi ne wai yana sa mazaunan yaro su yi ja, su yi ƙuraje, har su saɓe. Bari mu duba abin da ke faruwa a kan fatar.

Fatar ɗan Adam mai lafiya tana da ɗan tsami kaɗan, wajen 5.5 a ma'aunin pH, kuma wannan tsamin garkuwa ne gare ta. Fitsari yana ɗauke da sinadarin yuriya. Kashi kuma yana ɗauke da bakteriya, waɗanda wasunsu ke fitar da wani enzayim mai suna yuriyes. Idan fitsari da kashi suka haɗu suka jima, sai yuriyes ya farfasa yuriya ta koma amoniya. Zarnin nan mai hawa kai da ake ji a tsohon ƙunzugu, warin amoniya ne. Ita amoniya tana kashe tsamin fata. Da zarar tsamin ya ragu, sai ragowar enzayim masu narkar da abinci da suka biyo kashi, wato masu narkar da furotin da masu narkar da kitse, su farfaɗo su shiga cin fatar yaron. Fatar da ta jiƙa ta yi laushi kuwa, gugar ƙyalle kaɗan ta isa ta saɓe ta. Daga nan sai wani nau'in yis mai suna Candida albicans, wanda ke son ɗumi da laima, ya sami wurin zama.

Mai karatu zai lura cewa abin da ke tafiyar da wannan al'amari duka shi ne daɗewa. Gaskiya ne ƙunzugun yarwa ya fi yadi janye laima daga fata. To amma a nan ne gizo ke saƙa. Tun daga 2023, lokacin da darajar naira ta faɗi, farashin irin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabi. Uwar da ta san kuɗin kowane ɗaya, tilas ta ja shi ya yini a jikin yaro, alhali sabon jariri na bukatar canji sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana. Uwar da ke da nafkin ashirin a cikin kwalla ba ta jin ƙyashin canzawa, domin ba kuɗi take yarwa ba. Saboda haka a gidan mai ƙaramin ƙarfi, yadin da ake canzawa a kan lokaci ya fi wa fatar yaro alheri a kan ƙunzugun kanti da ake yi wa tattali.

Lissafin aljihu da na muhalli

Ɗalibai, ku ɗauki alƙalami. A ce yaro na amfani da ƙunzugu biyar kacal a rana har tsawon shekara biyu. Biyar sau kwana 730 ya ba mu 3,650. Ku je kanti mafi kusa ku tambayi kuɗin guda ɗaya, ku ninka. Sannan ku tambayi kuɗin nafkin dozin biyu, da wandunan roba, da sabulun shekara biyu. Ku tuna kuma nafkin ɗin da yaya ya bari, ƙane zai gada.

Ta fuskar muhalli ma an yi bincike. A 2008 Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta gano cewa amfanin ƙunzugun yadi ya danganta ne da yadda ake wanke shi. Wanda ke busar da shi da injin lantarki bai tsira da komai ba. Wanda ke cika injin wanki, ya shanya a igiya, ya kuma adana wa yaro na biyu, yana iya rage iskar da ke ɗumama duniya da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Abin da Bature ke faman neman a koya masa, wato shanya a rana, mu kyauta muke samunsa kusan kullum.

Kashin jariri ba ruwa ba ne

Akwai wata fahimta da ta zama ruwan dare, wai kashin jariri ba shi da illa. Ilmin ƙwayoyin cuta ya ƙaryata wannan. Ƙananan yara su ne suka fi yawan gudawa, don haka kashinsu ya kan ɗauki ƙwayoyin cuta masu yawa, kamar rotabairos, wanda sai a 2022 Nijeriya ta sa rigakafinsa cikin jerin rigakafin yara. Ta kashi ne kuma kwalara da shan-inna ke yaɗuwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a zuba kashin yaro a masai. Ƙunzugun yarwa kuwa, ƙulle shi ake yi da kashin a jefa bola, inda ƙuda da kaji da awaki ke kiwo, inda kuma ruwan sama zai kwashe shi ya bi da shi kusa da rijiyoyi. Mai amfani da yadi dole ta kawar da kashin kafin ta wanke. In an koya mata ta zuba shi a masai, an toshe wata babbar ƙofar cuta.

Yadda za a fara

Da farko a tanadi nafkin ashirin zuwa ashirin da huɗu, kowanne mai kusurwa huɗu, kimanin santimita 60 kowane gefe. A zaɓi auduga zalla, irin ta tawul ko farin yadi mai laushi. Zaren auduga kusan duk selulos ne, shi kuwa selulos yana da ɗabi'ar riƙe ruwa, saɓanin zaren roba. Ba sai an nemi na ƙasar waje ba. Duk tela na iya yankawa ya dalmashe baki. A wanke sabon yadi sau biyu ko uku kafin a fara, domin sabo yana da maiƙo da sitaci masu hana shi shan ruwa. A haɗa da wandunan roba huɗu ko biyar, da fil mai murfi, da bokiti mai marfi.

Wajen ɗaurawa, a ninka yadin ya yi kusurwa uku, a ƙara kauri a tsakiya. A sa yatsu tsakanin yadi da cikin yaro yayin soka fil. Kada a matse; in yatsu biyu na shiga ta ƙugu, ya yi daidai. Ga sabon haihuwa a naɗe bakin ƙunzugun ƙasa da cibiya har ta faɗi ta warke. Duk lokacin canji a wanke yaro da ruwa mai tsabta, ana shafawa daga gaba zuwa baya, musamman ga 'ya mace, don kada ƙwayoyin hanji su shiga mafitsara. A bar shi ya sha iska na ɗan lokaci, a shafa masa basilin ko man kaɗanya kaɗan. A guji barbaɗa hoda, domin yaro na iya shaƙar ta.

Wanki shi ne ƙashin bayan al'amarin. A kankare kashi a masai, a ɗauraye yadin da ruwan sanyi, a ajiye a bokiti, kada kuma ya wuce kwana biyu ba a wanke ba. A wanke da sabulu da ruwan zafi, a ɗauraye har sai kumfa ta ƙare, domin ragowar sabulu ma na cin fata. Kada a zuba bilic a kan yadin da ke jiƙe da tsohon fitsari, saboda haɗuwar kulorin da amoniya na fitar da iska mai guba. Bokitin da ke da ruwa kuma a rufe shi, a ɗauke shi daga inda mai rarrafe ko mai tatata zai kai, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Ruwan wankin a zuba shi a masai, mai wankin kuma ta wanke hannu da sabulu.

A shanya a kan igiya cikin rana, domin zafinta da haskenta na kashe ƙwayoyin cuta da dama. Kada a shimfiɗa a ƙasa ko a inuwa. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu na Afirka da masana ke kira Cordylobia anthropophaga, wanda ke yin ƙwai a kan rairayi ko tufafin da ke da warin fitsari a inuwa. In tsutsar ta ƙyanƙyashe sai ta huda fata ta zauna ciki, wurin ya kumbura kamar maruru. Maganin wannan shi ne guga: dutsen guga mai zafi, ko na gawayi ne, yana kashe ƙwan.

Inda masu suka ke da gaskiya

Ba zan ɓoye cewa yadi na da nasa nauyin ba. Yana cin ruwa, kuma a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa, wannan kuɗi ne da dole a sa a lissafi. A watan Agusta, lokacin marka, shanya na iya kwana ba ta bushe ba. Akwai kuma uwar da ke fita aiki, da mai jego marar mataimaki. Ga tafiya mai nisa, ko kwanciya asibiti, ƙunzugun yarwa na da ranarsa, kuma babu laifi a haɗa biyun: yadi a gida, na kanti a hanya. Abin da nake ƙi shi ne a mai da abin larura ya zama abin ado.

Sai dai wahalar wanki ba hujja ce ta a bar wa uwa ita kaɗai ba. Maigidan da aka sauƙaƙa wa kuɗin kanti, wajibinsa ne ya wadata gida da ruwa da sabulu da gawayi. 'Yan makaranta maza da mata, ɗibar ruwa da shanya da guga ba su fi ƙarfinku ba.

Kammalawa

Ina kira ga malaman kimiyya da su kawo wannan batu cikin aji. A yanko ƙyallen auduga da na roba masu girma ɗaya, a auna nauyinsu a bushe, a tsoma a ruwa, a tsame a sake aunawa. A kuma yaga sabon ƙunzugun kanti a fito da garin da ke ciki, a gwada shi da ruwa zalla da ruwan gishiri, ɗalibai su ga bambanci da idonsu. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji, ya kuma fahimci yadda yuriya ke komawa amoniya, ba zai ƙara raina igiyar shanyar gidansu ba. Kuma in ya koma gida ya sami ƙaninsa da jiƙaƙƙen ƙunzugu, ya san abin da ya kamata ya yi tun kafin fata ta yi ja.