Gidan Hochar: Sana'ar da Ta Tsallake Kabarin Mai Ita

Kafin mai karatu ya ɗaure fuska, bari in share fage. Giya haramun ce a addinina, kuma ban zo tallarta ba. Tarihin wani gida na ɗauko, saboda tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da na ga an garƙame shagon wani attajiri bayan sadakar arba'in: me ya sa sana'o'inmu ke bin masu su kabari?

A 1930, wani matashi Kirista mai suna Gaston Hochar ya kafa masana'antar giyar inabi ta Château Musar a garin Ghazir, arewa da Beirut a ƙasar Labanan, bayan ya ga yadda ake yin ta a Bordeaux ta Faransa. Gonakin inabin kuwa suna Kwarin Bekaa, can bayan duwatsu. Tun yana da ƙarfinsa ya ba 'ya'yansa wuri. Serge, wanda ya yi karatun sana'ar a Bordeaux, ya karɓi aikin haɗawa a 1959, ɗan'uwansa Ronald kuma ya riƙe kuɗi da kasuwanci. Kowa da fagensa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, hanyar da ke tsakanin gona da masana'anta ta cika da shingayen mayaƙa. A 1976 ba su sami yin komai ba. A 1984 inabin ya yi kwanaki a hanya kafin ya iso. Kasuwar gida ta durƙushe, sai Serge ya nemi ta waje. A bajekolin Bristol na 1979 masana a Ingila suka yaba da kayansa, a 1984 kuma mujallar Decanter ta naɗa shi gwarzon shekara. Ya rasu a ƙarshen 2014, amma aiki bai tsaya ba, domin jikokin Gaston sun riga sun shiga ciki.

Abu uku na tsinta a nan. Uba ya miƙa ragama tun da ransa. An tura magaji ya ƙaro ilimi a kan na gado. 'Yan'uwa sun raba aiki ba tare da sun yayyaga dukiya ba.

Mu fa? Kakana majemi ne, ya mutu da sirrin jimarsa a ka, domin yana ganin 'ya'yansa ba su isa ba. Mu da muka yi boko muka ɗauki sana'ar abin kunya. Yau ko wuƙar aikinsa babu.

Rabon gado wajibi ne, amma bai hana magada su san kasonsu su bar jarin a dunƙule ba. Wanda ke da sana'a ya kira ɗansa ko 'yarsa yau, ya buɗe masa littafin ciniki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.