Yara Uku a Tafin Hannun Soja

A farkon watan Yulin 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, bayan ƙurar yaƙin Getisbag ta lafa a jihar Fensilbeniya ta Amurka, an tsinci gawar wani soja a gefen gari. Babu wata takarda mai ɗauke da sunansa. Abin da aka samu damƙe a hannunsa ɗan ƙaramin hoto ne na yara uku, maza biyu da mace ɗaya.

Hoton na gilashi ne, irin wanda ake kira ambirotayif. A 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da dabarar shafa wa gilashi wani ruwa mai danƙo, a tsoma shi cikin sinadarin azurfa, a ɗauki hoton kuma a wanke shi tun gilashin yana da danshi. Abin da ke fitowa inuwa ce mai rauni, sai an shafa baƙin fenti ko an shimfiɗa baƙin ƙyalle a bayanta kafin fuska ta bayyana. Mai zama sai ya ƙame na daƙiƙoƙi da dama, wani lokacin har a tallafe masa ƙeya da ƙarfe. Daga baya, a 1856, Hamilton Smith na jihar Ohayo ya yi rajistar irin wannan aiki a kan siririn fallen ƙarfe, wato tintayif. Shi ya fi araha kuma ba ya fashewa, don haka sojojin yaƙin basasa suka riƙa cusa shi cikin wasiƙa zuwa gida. Duka biyun dai, abin da ya fito daga na'ura shi ke nan. In ya fashe ko ya ɓata, an rasa shi.

Hoton yaran ya faɗa hannun wani likita daga Filadelfiya, John Francis Bourns. Jaridun lokacin ba su iya buga hoto, don haka a watan Oktoba aka siffanta shi da kalmomi: ƙaramin yana zaune a tsakiya kan doguwar kujera, rigar babban kuma yadinta ɗaya da na ƙanwarsa. Wannan maganar yadi tana taɓa min zuciya duk lokacin da na tuna. Uwa ce ta raba ƙyalle ɗaya tsakanin 'ya'yanta kamar yadda iyayenmu ke yi gab da Sallah, ba ta san wata rana shi zai zama shaidarta ba. Jaridu suka yi ta kwafar labarin har ya isa ƙauyen Fotbil a jihar Niyok. Philinda Humiston, wadda ta yi watanni ba ta ji ɗuriyar mijinta ba, ta gane hoton da ita kanta ta aika masa. Mamacin Saje Amos Humiston ne, yaran kuma Frank da Alice da Fred.

Amos ya dace, an gano shi. A ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka akwai ɗimbin irin waɗannan hotuna, fuskoki tangaran har maɓallan riga ana iya ƙirgawa, amma an rubuta a ƙasa cewa ba a san mai su ba. Wanda ya ajiye hoton ya san ɗansa, bai ga dalilin rubuta suna ba. Da ya rasu, sunan ya bi shi. Haka muke yi da tsofaffin hotunan da ke ƙasan akwatunan gidajenmu. A gidanmu akwai na wani dattijo da rawani, riƙe da sanda, wanda kakata kaɗai ta san ko wane ne, kuma ban tambaye ta ba har Allah ya karɓi abinsa. Fensir da minti ɗaya sun isa a lokacin.

A watan Janairun 1864 Dokta Bourns ya yi tattaki har Fotbil, ya mayar wa Philinda gilashin hannu da hannu. Kuɗin da aka tara, har da na sayar da kwafin hoton da aka sake ɗauka daga gilashin, ya taimaka aka buɗe gidan marayun sojoji a Getisbag a 1866, kuma ita da yaran uku suka koma can da zama.